Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Tara Haraji Ta Jihar Kano Kan Rangwamen Kuɗin Haya

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatan hukumarka, na rubuto ne a kan harajin da ake cirewa daga albashi, wanda aka fi sani da PAYE. Aikina shirya albashin ma'aikata a wani kamfani mai zaman kansa a nan Kano. Ni nake zare kuɗin kafin alat ya shiga wayar mutum, ni kuma ake tarewa a bakin ofis idan abin da ya shigo bai kai abin da ake jira ba. Tunda harajin albashi jiha ce ke karɓarsa, wurinka ne maganar ta dace.

Sabuwar dokar harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ta zo wa ƙaramin ma'aikaci da sauƙi, wannan ba abin musu ba ne. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, a haka ake hawa har kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. A tsohon tsari tun daga naira 300,000 na farko ake fara cire kashi 7. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 a wata, ba a cire masa komai.

Sai dai dokar ta ɗauke wani abu da galibin ma'aikata ba su ma san suna cin moriyarsa ba. A da, kafin a lissafa wa kowa haraji, ana ware masa naira 200,000 ko kashi 1 na abin da yake samu, wanda ya fi yawa a ciki, a kuma ƙara masa kashi 20. Wannan rangwame ba a nemansa. Akanta ne yake sa shi a lissafi, ko mutum ya sani ko bai sani ba. Yanzu an soke shi, an kawo rangwamen kuɗin haya: kashi 20 na hayar da mutum ya biya a shekara, kada ya wuce naira 500,000. Shi kuwa wannan sai an nema. Doka ta ce dole mutum ya bayyana ainihin abin da ya biya, tare da duk wani bayani da hukumar harajin da ke kula da shi ta gindaya. Ga ma'aikacin da ke zaune a Kano, ranka ya daɗe, hukumar nan taka ce. Ke nan sauƙin samun rangwamen ko wahalarsa daga teburinka zai fito.

Bari in sa lissafi a gaba. Mu ɗauki ma'aikaci mai albashin naira 150,000 a wata, wato miliyan 1.8 a shekara, mu kuma ɗauka duk albashin ake cire wa kashi 8 na fansho. Fansho ya ci 144,000, saura 1,656,000. A fitar da 800,000, saura 856,000. Kashi 15 nasa shi ne 128,400 a shekara, naira 10,700 kowane wata. Idan mutumin nan yana biyan hayar naira 400,000, rangwamensa 80,000 ne, harajinsa ya ragu da 12,000 a shekara, naira 1,000 a wata. Na san wani zai ce dubu ɗaya har nawa take. Wanda ke hawa adaidaita sahu daga Hotoro zuwa Sharaɗa kullum ya san nawa take. Abin lura kuma, a tsohon tsari harajin mutumin nan bai fi naira 134,000 ba. Wato idan bai samu rangwamen haya ba, duk sauƙin da ake ta yi masa shela bai kai naira 500 a wata ba. Mafi yawan ribarsa tana cikin rangwamen, kuma shi ne abin da ya fi sauƙin suɓuce masa.

Dalilin suɓucewar kowa ya san shi. Haya a garin nan sau da yawa ta amana ce. Ka kai wa mai gida ko wakilinsa kuɗin shekara, a yi addu'a, a tashi. Inda aka ba da rasit ma, ɗan littafin nan ne da ake saye a kasuwa, wani lokaci ba adireshi, wani lokaci sunan dillali ne a jiki. Akwai mai biya kashi biyu ko uku. Akwai wanda hayarsa ke farawa bayan babbar salla ta ƙare bayan ta baɗi, alhali shekarar haraji daga Janairu take zuwa Disamba. Sannan ga babbar matsalar: da ɗan haya ya ce yana son takardar da zai kai wurin aiki saboda haraji, mai gida zai fahimci cewa sunansa ne zai isa hukuma. Wani ya hana, wani ya ƙara kuɗin haya, wani ya ba shi wa'adin tashi. Babu mai hankalin da zai saka matsugunin iyalinsa a garari saboda naira dubu ɗaya a wata. Zai haƙura ne, a ci gaba da cire masa fiye da abin da doka ta ɗora masa.

Ban ce a bar masu gidaje su ɓoye abin da suke samu ba. Kuɗin haya abin biyan haraji ne, kuma hukuma tana da hanyoyinta na gano su. Abin da nake gudu shi ne a mai da ɗan haya ɗan leƙen asiri a gidan da yake kwana.

Roƙona shi ne fom ɗin neman rangwamen ya zama shafi ɗaya, da Hausa da Turanci: sunan ma'aikaci, lambarsa ta haraji, unguwa da lambar gida, nawa ya biya, daga wane wata zuwa wane. A karɓi shaidar tura kuɗi ta banki ko ta POS a matsayin hujja, tunda yanzu da wuya a ƙirga dubu ɗari huɗu hannu da hannu. Wanda ya biya tsaba kuma babu rasit, a yarda da sa hannunsa da shaidar mai unguwa, a kuma rubuta masa ɓaro-ɓaro a ƙasan takardar cewa ƙarya a nan laifi ne mai hukunci. Ta hakan ba a toshe wa mai gaskiya hanya ba, maƙaryaci kuma ya san abin da ke jiransa.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai shirya albashi shi ne lokacin gyara. Rayuwar mutum ba ta jiran Janairu. Wani zai yi aure a watan Afrilu ya bar gidan mahaifinsa ya kama haya. Wani za a ƙara masa kuɗi a tsakiyar shekara. Wani zai gama gininsa ya tare, rangwamen ya daina shafarsa. Ya kamata hukumarka ta faɗa a rubuce cewa ma'aikaci zai iya kawo sabon fom duk lokacin da halinsa ya sauya, kamfani kuma ya gyara abin da yake cirewa daga albashin watan da ke biye, ya rage masa abin da aka cire fiye da ƙima a watannin baya daga harajin watannin da suka saura. A Amurka haka ake yi da fom ɗin da suke kira W-4: ma'aikaci yana cikewa ranar da ya kama aiki, yana kuma sake cikewa duk sa'ad da ya ga dama. Tun 2020 ma suka daina tsohon salon ƙirga adadin rangwame, suka koma rubuta kuɗin kai tsaye.

Idan babu wannan umarni a rubuce, na san abin da akantoci za su yi, domin ni ma cikinsu nake. Doka ta ɗora wa kamfani alhakin cire harajin daidai, ya kai shi kafin 10 ga watan da ke biye, ya kuma miƙa bayanin shekara kafin ƙarshen Janairu. In masu bincike suka zo suka ce an cire ƙasa da ƙima, kamfani ne zai cika da tara a kai. In an cire fiye da ƙima kuwa, babu mai tuhumar kowa. To wa zai sa hannu a rasit ɗin da bai tabbata za a karɓa ba? Kowa zai cire da yawa ya kwana lafiya, a ce wa ma'aikaci ya je ya nemi a maido masa a ƙarshen shekara. Kai ma ka sani, ranka ya daɗe, masinja ko direba ba zai ajiye aiki ya yi ta sintiri a ofishin haraji saboda naira 12,000 ba. Abin da zai warware wannan shi ne hukuma ta lissafa hujjojin da ta amince da su, ta kuma ce kamfanin da ya yi aiki da su ya fita, idan ƙarya ta bayyana wanda ya sa hannu za a kama.

Akwai waɗanda gyaransu ba a hannunka yake ba. Mazaunin gidan gado a cikin birni ba ya biyan haya, don haka ba shi da komai, duk da shi ke gyaran rufi da katanga duk damina. Wanda ke gini da adashe, bulo ɗari yau ɗari gobe, shi ma haka, domin doka ruwan bashin gina gida kawai ta sani, mu kuwa nan yawancinmu gudun ruwan muke yi. Wannan magana ce ta majalisar tarayya, amma kana da kujera a hukumar haɗin gwiwa ta masu tara haraji, inda shugabannin jihohi ke zama da na tarayya. Ina fatan za ka kai ta can.

Daga ƙarshe, a sa kamfanoni da ma'aikatun gwamnati su riƙa nuna rangwamen a layinsa daban a takardar albashi, kusa da fansho da inshorar lafiya da asusun gidaje, yadda mutum zai duba ya ga an sa masa ko ba a sa ba. A kuma yi bayanin a gidajen rediyo da Hausa, da misalin albashi irin na malamin firamare da ma'aikacin masana'anta a Bompai, tare da lambar wayar da za a kira idan an kai fom an ƙi karɓa.

Allah ya yi maka jagora, ya sa a gama lafiya.

Naka,
Wani akanta mai shirya albashi, Kano.