A shigo da tsutsar dusa ɗakin gwajin makarantu

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin malaman bayoloji kan wani ɗan baƙin ƙwaro da masana ke kira Tenebrio molitor, wanda tsutsarsa ke rayuwa cikin dusa.

Kiwonsa ba wuya. Roba mai murfi da aka huhhuda, dusar alkama, sai yankan karas don laima. Ba ya cizo, da wuya ya tashi sama. Ɗalibi zai ga matakan rayuwar ƙwaro huɗu da idonsa: ƙwai, tsutsa mai saɓa fata sau da dama, sai ta sandare kamar matacciya, sannan ƙwaron ya fito fari-fari ya riƙa duhu har ya zama baƙi. Zanen allo bai isa ya nuna wannan ba, komai gwanintar malami.

Gwajin da na fi so shi ne a rufe rabin faranti da baƙar takarda, a zuba tsutsotsi ashirin a tsakiya, yara su ƙirga nawa suka gudu cikin duhu. Nan za su koyi aunawa da maimaita gwaji, ba haddar amsa ba.

Kuma da wannan ƙwaron ne Nettie Stevens, masaniya 'yar Amurka, ta nuna a 1905 cewa kuromosom, wato ƙananan zaruruwan da ke ɗauke da siffofin gado a cikin ƙwayoyin halittar jiki, su ne ke tantance jinsin namiji da mace.

A dai sa yara su wanke hannu, domin ƙurar kashinsa takan tayar wa wasu da asma.

Naka,
Wani malamin kimiyya