Malam Edita, a daina rena zaɓen majalisun jihohin Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi ƙorafi irin na mai sauraron da ya daɗe tare da ku. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Ƙorafina a kan yadda kuke kawo mana labarin siyasar Amurka ne. Wanda ya dogara da shirye-shiryenku kaɗai sai ya ɗauka ƙasar ba ta da kowa sai shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya da ke Washinton, sai kuwa alƙalan Kotun Ƙoli in sun yanke wani hukunci mai zafi. Majalisun dokokin jihohi ba a tuna da su sai ranar da wani zaɓen cike gurbi ya zo da ba-zata, shi ma jimla biyu ce a wutsiyar labarai. Na tuna watan Agustan 2025, lokacin da Catelin Drey ta jam'iyyar Dimokurat ta ci kujerar majalisar dattawan jihar Iowa a mazaɓar da Donald Trump ya lashe a 2024. Abin da na ji daga bakin mai karanta labarai shi ne wai wannan alama ce farin jinin Trump ya fara dusashewa. Shi ke nan, aka tsallaka zuwa wasanni. Ba a gaya mana cewa mai kujerar rasuwa ya yi ba. Ba a kuma gaya mana cewa majalisar kujeru 50 gare ta, kuma da kujerar mamacin ne 'yan Rifablikan ke da 34, adadin da ake bukata don tabbatar da mutanen da gwamna ta naɗa. Da ta suɓuce suka koma 33. Daga ranar, Gwamna Kim Reynolds ba ta iya tsallakar da wanda ta naɗa sai ta samu ƙuri'ar ɗan adawa ko da guda ne. Wannan shi ne labarin, kuma ko kusa da shi ba ku je ba.

Jihohin nan 50 suna da zaurukan majalisa 99, domin kowace tana da ta wakilai da ta dattawa in ban da Nebraska, wadda ke da zaure ɗaya tal mai mutum 49. Gaba ɗaya kujerun sun haura 7,300. Kuma ba kai ɗaya suke ba. Majalisar wakilan New Hampshire, ƙaramar jiha, tana da mutum 400, albashin kowanensu dala 100 a shekara. Kalifoniya mai mutum kusan miliyan 39 kuwa sanatocin jiha 40 kacal gare ta, har ya zama sanatan jiha a can ya fi ɗan majalisar wakilai ta tarayya yawan jama'ar da yake wakilta. Yawancin jihohi suna zaɓe tare da na tarayya, amma Bajiniya da New Jersey da Louisiana da Mississippi nasu a shekarar da ta biyo baya suke yi, ko wadda ta gabata.

Majalisun nan ne ke yanke abin da ya shafi talaka kai tsaye: kuɗin makarantu, harajin jiha, ƙa'idar riƙe bindiga, hukuncin kisa, da yadda mutum zai yi rajistar zaɓe. Tun da Kotun Ƙoli ta soke tsohon hukuncinta kan zubar da ciki a watan Yunin 2022, maganar ta koma hannunsu. A yawancin jihohi su ne ke shata iyakokin mazaɓun majalisar tarayya bayan ƙidayar jama'a da ake yi duk shekara goma, wato tun kafin a buga takardar ƙuri'a sun riga sun auna wa kowace jam'iyya rabonta. Abin da ya sa ke nan 'yan Dimokurat na majalisar Tekzas suka tsere daga jihar a watan Agustan 2025, don kada a samu adadin da zai halatta zaman da za a sake zana taswira. Kundin tsarin mulkin ƙasar ma ba ya gyaruwa sai jihohi 38 sun amince. Af, kuma a nan ake renon waɗanda kuke yi wa dogon sharhi daga baya. Barack Obama ya yi daga 1997 zuwa 2004 a majalisar dattawan Illinois. Ilhan Omar ma daga majalisar Minnesota ta tafi ta tarayya. Zohran Mamdani ɗan majalisar jihar New York ne lokacin da ya ci zaɓen magajin garin birnin New York a Nuwamban 2025.

Bari in ba ka labarin kwano. A zaɓen Bajiniya na 2017, a wata mazaɓa da ke Newport News, David Yancey na Rifablikan ya kara da Shelly Simonds ta Dimokurat. Da aka sake ƙirga ƙuri'u sai ta fi shi da ƙuri'a ɗaya. Washegari alƙalai uku suka zauna a kan wata takarda guda da mai zaɓe ya cike da'irar da ke kusa da sunan kowanne daga 'yan takarar biyu, sannan ya ja layi a kan da'irar Simonds. Me yake nufi? Ya soke ta ne, ko kuwa alama ya ƙara mata? Alƙalan suka ce Yancey ya nufa. Sai aka yi kunnen doki, kowa 11,608. A ranar 4 ga Janairun 2018 jami'an hukumar zaɓen jihar suka rubuta sunayen biyu a 'yan takardu, suka cusa kowace a ƙaramin gwangwanin fim ɗin kyamara, suka zuba a kwanon tangaran da aka aro daga gidan kayan tarihi, aka jujjuya, shugaban hukumar ya sa hannu ya zaro ɗaya. Sunan Yancey ne. Da wannan zarowa 'yan Rifablikan suka riƙe majalisar wakilai da 51 da 49, da kujerar kakaki, da shugabancin kwamitoci, har tsawon shekara biyu. Da hannunsa ya faɗa kan ɗaya gwangwanin, da 50 da 50 aka yi. Duk wanda ya ce barci ya fi masa fita zaɓe a ranar, a wannan mazaɓa, ban san yadda ya kwana ba.

Minnesota ta fi wannan rikitarwa, kuma ita ce ta nuna mini nauyin kujerar da babu kowa a kai. Zaɓen Nuwamban 2024 ya raba majalisar wakilanta gida biyu daidai, 67 da 67. Kafin a zauna sai kotu ta ce wani zaɓaɓɓen ɗan Dimokurat bai cika sharaɗin zama a mazaɓar da ya ci ba, kujerarsa ta faɗi. Lissafi ya koma 67 da 66. 'Yan Rifablikan suka ce ai rinjaye ya samu, za su zaɓi kakaki su raba kwamitoci kafin a cike gurbin. 'Yan Dimokurat suka ƙaurace wa zama baki ɗaya. Ranar buɗe majalisa a watan Janairu, rabin zauren cike da mutane, ɗaya rabin kujeru ne zalla. Sai da Kotun Ƙolin jihar ta ce ba zama sai da mutum 68, sannan aka sasanta a watan Fabrairu, Lisa Demuth ta Rifablikan ta zama kakaki bisa yarjejeniya. Zaɓen cike gurbi na watan Maris ya mayar da 67 da 67. Ana cikin haka, ranar 14 ga Yuni, wani ɗan bindiga da ya yi shigar 'yan sanda ya kashe jagorar 'yan Dimokurat Melissa Hortman da mijinta a gidansu. Labarin kisan kun kawo shi, na yaba. Amma zaɓen da aka yi a Satumba don cike gurbinta, wanda shi zai nuna ko kunnen dokin zai ci gaba ko zai karye, ban ji ɗuriyarsa a wurinku ba.

To yaya ake cike gurbi? Nan ne na fi son a tsaya, don nan ne ake wasan da ba a gani. Kujerar majalisar wakilai ta tarayya ba ta cikuwa sai da zaɓe, haka kundin tsarin mulki ya ce. A jihohi kowa da kiɗansa. Kusan rabinsu suna kiran zaɓe. Sauran naɗi suke yi ta hanyoyi daban-daban: a Colorado da Illinois wani kwamitin jam'iyyar mai barin kujerar ne ke zaɓo magaji, a Maryland kwamitin jam'iyya ya miƙa suna gwamna ya sa hannu, a Ohio 'yan jam'iyyar da ke cikin zauren ne ke zaɓar wanda zai zo ya zauna tare da su.

Masu son naɗi suna da hujja, ba zan tauye su ba. Zaɓen cike gurbi yana cin kuɗi, ga shi mutane ƙalilan ke fita, galibi 'yan a-mutun jam'iyya da tsofaffin da ba sa fashi. Sukan ce jama'a sun riga sun ba jam'iyya kaza kujerar na wa'adi guda, mutuwa ko murabus bai kamata ya sauya wannan ba, kuma naɗi cikin 'yan makonni ake gama shi. Na ji. Amma ni a ganina ɗauki-ɗora ne da rigar doka. Mutum goma sha ko 'yan gomomi su kulle ɗaki su fito da wakilin dubban jama'a, shi kuma ya shiga zaɓe na gaba a matsayin mai ci, sunansa ya riga ya zauna a kunnuwa, masu ba da gudummawar kamfe sun riga sun san ƙofarsa. Sannan ƙofa ce ta dabara: wanda ya gaji zai iya ajiye aiki a tsakiyar wa'adi don a ɗora yaronsa ba tare da wahalar zaɓen fid da gwani ba. Ko mutum dubu uku ne suka fita zaɓen cike gurbi, sun fi mutum talatin na cikin ɗaki, kuma wanda bai fita ba shi ya so.

Sai dai zaɓen ma da sauran rina a kaba, muddin gwamna ne ke da ikon sa rana yadda ya ga dama. A ƙarshen 2017 'yan majalisar Wisconsin biyu na Rifablikan suka ajiye kujerunsu suka karɓi muƙami a gwamnatin Gwamna Scott Walker. Walker ya ƙi kiran zaɓe, ya ce a jira na gama-gari a Nuwamban 2018, kusan shekara guda ke nan. Aka kai shi kotu. Alƙaliyar da ta umarce shi ya kira zaɓen, shi da kansa ya naɗa ta. Aka yi a watan Yuni, ɗaya daga cikin kujerun ta faɗa hannun Dimokurat, kowa ya gane abin da ake gudu. Kada wani ya ce halin jam'iyya ɗaya ne. A Michigan, Kristen McDonald Rivet ta bar majalisar dattawan jiha zuwa ta tarayya a Janairun 2025, rinjayen Dimokurat ya ragu zuwa 19 da 18. Gwamna Gretchen Whitmer, 'yar Dimokurat, ba ta sa ranar zaɓe ba sai a watan Agusta, ranar da ta sa kuwa a Mayun 2026 take. Mutum sama da dubu 250 suna biyan haraji, ana kasafin kuɗinsu, babu mai magana da yawunsu a zauren fiye da shekara. Ba cinya ba, ƙafar baya.

Tsarin da ya fi kwanta mini shi ne irin na Tennessee, kodayake ta hanyar rigima na san shi. A watan Afrilun 2023 majalisar wakilan jihar ta kori Justin Jones da Justin Pearson saboda zanga-zangar da suka yi a cikin zaure kan dokar bindiga, bayan harbin da aka yi a wata makaranta a Nashville. Dokar jihar ta ba majalisar ƙaramar hukuma damar naɗa ɗan riƙo kafin a yi zaɓe. Cikin mako guda majalisun yankunansu suka mayar da su a matsayin 'yan riƙo, a watan Agusta kuma jama'a suka tabbatar da su da ƙuri'a. Kujera ba ta daɗe a wofi ba, magana ta ƙarshe kuma ta masu zaɓe ce. In aka haɗa wannan da wa'adin kwanaki da doka ta ƙayyade, wanda gwamna ba zai iya ja ko ragewa ba, an toshe ƙofofin biyu.

Ban ce kada ku auna zafin siyasar ƙasa da waɗannan zaɓuɓɓuka ba, masana ma suna yi. Amma ma'auni ne mai ruɗi, tunda masu fita ba su da yawa kuma ɓangaren da ya fi jin haushi shi ya fi fita. Roƙona, Malam Edita, in wani zaɓen ya sake tasowa, a ƙara wa wakilinku minti ɗaya ya gaya mana dalilin da kujerar ta zama babu kowa, tsawon lokacin da ta yi a haka, wanda ya sa ranar zaɓen, da yadda lissafin zauren zai koma in ta sauya hannu. In minti ɗayan ya yi wuya, a rage daga sharhin abin da shugaban ƙasa ya wallafa a shafinsa da tsakar dare, wanda a makon jiya na ƙirga kun maimaita shi sau uku a rana guda.

Na gode da ba ni fili. A gaida ma'aikata.

Naka,
Wani tsohon mai sauraro