Lambar PID fa ba ta isa shaida ba, a koya wa yaranmu haka

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da ƴan uwana masu kula da sabar, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, musamman samarin nan da ke fitowa daga cibiyoyin koyon kwamfuta suna karɓar aikin makarantu da ƙananan kamfanoni. Magana ce a kan lambar PID, kuma abin da ya faru da ni ne ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ga wanda bai sani ba, a Linux duk furogiram ɗin da ya tashi aiki sai an yanka masa lamba, ita ce PID. Wanda ya fara tashi in an kunna na'ura shi ke riƙe da lamba 1, yawanci systemd ne yanzu, wato furogiram ɗin da ke tayar da sauran. Sikirif, wato ɗan furogiram da mutum ya rubuta, na iya sanin tasa lambar, ya danganta da yaren da aka rubuta shi, a bash da $$, a PHP da getmypid(), a Python da os.getpid(). Al'adar da aka saba ita ce ya rubuta lambar cikin wani ɗan fayil don a san yana raye, haka manyan furogiram na sabar ma ke yi, nginx da nginx.pid, PostgreSQL da postmaster.pid.

Toh ni ina kula da sabar wata makaranta, akwai sikirif da na rubuta mai tura wa iyaye saƙon tes na kuɗin makaranta da sakamako, cron, mai tayar da aiki a lokacin da aka tsara masa, na tayar da shi duk minti 5. Wata rana netwok ya yi nauyi sosai, na farko bai gama ba na biyu ya tashi, na uku ma ya biyo baya, kowanne yana ɗaukar jerin sunaye iri ɗaya, sai ga iyaye suna ta kira wai an turo musu saƙon bashi sau uku alhali wasu ma sun biya da safen nan, ga kuɗin tes ya tafi a banza. Wallahi ranar na ji kunyar mutanen nan. Sai na yi abin da kowa ke yi, na sa sikirif ya riƙa ajiye lambarsa a fayil cikin foldar aikin, in sabo ya tashi ya duba da kill -0 ko mai lambar yana nan, in yana nan ya haƙura ya fita. Abu ya yi kyau har tsawon watanni.

Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Wani dare aka ɗauke wuta batirin inbata ya ƙare, na'ura ta mutu sikirif na tsakiyar aiki bai samu ya goge fayil ɗinsa ba. Da aka kunna da safe rabon lamba ya sake farawa daga ƙasa, sai lambar nan ta faɗa kan MySQL, furogiram ɗin rumbun bayananmu. Shi kuma sikirif duk minti 5 sai ya tashi ya duba ya ga mai lambar yana raye ya koma, kwana biyu ko saƙo ɗaya bai fita ba kuma babu wani kuskure da ya nuna. Yaron da ke taimaka min ya lura, ya buɗe fayil ya ga lamba, ya ɗauka sikirif ne ya maƙale ya buga mata kill -9, umarnin kashe furogiram nan take, ya kashe rumbun bayanai ana cikin shigar da rasit. Allah ya taimaka teburan bayanan suka farfaɗo da kansu. Ban ga laifin yaron ba ko kaɗan, abin da aka koya masa kenan, kuma ni na gina abin a haka.

Lambar PID kamar layin waya ce da ka daina amfani da shi kamfani ya sayar wa wani, ka kira lambar abokinka baƙo ya ɗauka. Asalin iyakarta a Linux 32768 ce, ana iya ɗaga ta har 4194304 a na'ura mai bit 64, in an kai ƙarshe sai a zagayo a ba da waɗanda suka zama fanko. Mu kuma da wuta ke yawan kashe mana na'ura abin ya fi cin mu, don kullum lissafi daga ƙasa yake sake tashi, lambobin ba sa nisa, karo ya fi sauƙi.

Abin da na koma yi yanzu flock ne, umarnin da ke sa wa fayil makulli, muddin na farko na riƙe da shi na biyu ba zai fara aiki ba. A layin cron sai in sa flock -n da sunan fayil kafin umarnin, shikenan. Shi makullin a hannun Linux ɗin kansa yake, da furogiram ya mutu ko ta wace hanya makulli ya saku, babu wata tsohuwar lamba da za ta rage ta yaudari kowa. Wanda ya fi son systemd ma timer ɗinsa ba ya tayar da na biyu in na farko bai sauka ba. In kuwa dole sai an ajiye fayil ɗin PID to a sa shi a /run, don can a ƙwaƙwalwar RAM yake, duk kunnawa sharewa yake yi. Sannan kafin ka kashe komai leƙa /proc, ƙarƙashin lambar akwai cmdline, zai faɗa maka ko wane ne. Masu gina Linux ma sun san da matsalar, shi ya sa a 2019 sigar 5.3 ta zo da pidfd_open, hanyar riƙe furogiram ɗin kansa ba lambarsa kawai ba.

Sai maganar kill -9 ɗin nan da ta zama ruwan dare, ita ta fi damuna. Shi kill sigina yake aika wa furogiram, siginar 15 wato SIGTERM sallama ce, furogiram ɗin da aka tsara ya saurare ta na jin ta ya rufe fayilolinsa ya goge lambarsa ya fita lafiya. Ita 9 ba ya ma sanin ta zo, ba zai iya tare ta ba balle ya kintsa, kenan duk wanda ya buga 9 shi da kansa yake barin irin fayil ɗin da ya jefa ni cikin wancan hali. A fara da 15, a jira daƙiƙu kaɗan, in ya ƙi sannan a je ga 9.

Roƙona ga malamai masu koyarwa, don Allah in ɗalibi ya rubuta sikirif irin wannan kar a tsaya ga ganin ya tashi ya gama lafiya, a zare wayar wuta yana tsakiyar aiki a sake kunnawa a gaban ɗalibin, ya gani da idonsa me zai faru. Ku kuma Malam Edita in da hali a ware mana shafin fasaha ko sau ɗaya a wata, ni dai a shirye nake in riƙa aiko da abin da ya sawwaƙa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku, wani mai kula da sabar daga Kano