Fasuwod kaɗai ba ya tsare sirrin kwamfuta

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah ka ban fili in ja hankalin 'yan uwa.

Watan jiya laftof ɗina ta ƙi tashi na kai gyara, ina zaune kan benci yaron shagon ya ciro had dis ɗin, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfutar, ya jona a tasa kwamfutar, sai ga hotunan iyalina da takardun filina duk a buɗe, ko fasuwod bai tambaye ni ba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ashe fasuwod ɗin shiga Windows ƙofa kawai yake tsarewa, kayan ciki suna nan a fili.

Maganin shi ne a kulle bayanan su koma rubutun da ba mai iya karantawa sai mai makulli. Akwai manhajojin da ke yin haka: Windows Pro na da BitLocker, masu Mac suna da FileVault, VeraCrypt kuma kyauta ne, ko folda ɗaya ce 7-Zip zai kulle maka ita da fasuwod. Amma fa lambobi 48 da BitLocker ke bayarwa a matsayin makullin ko-ta-kwana, a rubuta a takarda a adana, in suka ɓata kuma kwamfutar ta nema to fayilolin sun tafi kenan.

Naku mai karatu,
daga Zariya