A daina sa mu ɓoye littattafan soyayya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan littattafan soyayya, waɗanda mu mata da yawa muke karantawa amma muke jin nauyin a gan mu da su.

Ni malamar firamare ce, na haura shekara arba'in, amma har yau in na ji sallamar baƙo ina tsakiyar karatu, sai na tura littafin ƙarƙashin matashi kafin in amsa. Tun ina sakandare na saba da haka. A lokacin haya muke karɓowa wurin mai shago a bakin layinmu, kwana ɗaya ko biyu. Ka gama na ɗaya dole ka nemi na biyu, don marubuciya takan yanke labarin daidai inda ranka ya rataya. Takardar ba ta da kyau, kurakuran ɗab'i kuwa ba a magana. Duk da haka in littafi ya shigo gidanmu sai ya zaga ɗakuna huɗu kafin a mayar.

Ga abin da masu kushe ba sa faɗa. Matar yayana daga aji huɗu aka cire ta aka yi mata aure, ko sunanta da ƙyar take haɗawa. Son ta san yadda za ta ƙare tsakanin amarya da uwargida a wani labari ne ya zaunar da ita, tana bin baƙaƙe da yatsa, ina gyara mata. Yau ita ke duba wa 'ya'yanta aikin gida, ita ke karanta saƙon waya da kanta. Babu ajin yaƙi da jahilci da ya yi mata wannan. Kuma abin da ke cikin littattafan rayuwarmu ce: auren dole, kishi, uwar miji, sakin wulaƙanci, yarinya mai son karatu an hana ta. Ina kuma aka taɓa ba mace filin faɗin waɗannan da bakinta?

Na san tun shekarun 1990 masana ke jayayya a kansu, har Farfesa Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu Adabin Kasuwar Kano. A 2007 kuma aka ƙona wasu a Kano ƙarƙashin A Daidaita Sahu, shirin gwamnatin jihar na gyaran tarbiyya. Ranar da na ji labarin raina ya ɓaci ƙwarai. Sai ga shi a 2012 an fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu zuwa Turanci, an buga shi a Indiya, baƙi suna karanta abin da mu muke ɓoyewa a gida.

Ban ce duka masu kyau ba ne. Akwai na batsa, kuma sun ƙaru tun da rubutun ya koma WhatsApp da Wattpad, inda ba mai dubawa kafin a saki. Wannan ne ma ya sa na rubuto. Da littafi ne a hannu, uwa na iya ganin bangonsa. Yanzu yana cikin waya, yarinya kuma ta taso ta ga ana ɗaukar karatun abin kunya, don haka ba za ta taɓa nuna wa uwarta abin da take karantawa ba. 'Yata mai shekara 16 na fara zama da ita muna karantawa tare, wanda bai dace ba in gaya mata dalili.

Roƙona, Malam Edita, ku ware shafi ko da sau ɗaya a mako na sharhin waɗannan littattafai, a yabi mai kyau da sunansa, a faɗi aibin mara kyau, mu iyaye mu san wanda za mu saya mu ajiye a falo.

Na gode.

Wata malamar firamare,
daga Kano