Koyon harshen waje da kunne da ido a lokaci guda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wata hanyar koyon harshe da na jarraba da kaina, wato sauraron littafi ana karanta shi da murya alhali rubutunsa yana gaban mutum a waya, kowace kalma ko jimla tana haskawa a daidai lokacin da mai karatun ya furta ta.

Na yi Faransanci a sakandare, na kuma ci jarrabawarsa, har ina lissafa kaina cikin waɗanda suka iya. Ranar da wata hidima ta kai ni Kwatano na san matsayina. Mai karɓar baƙi a masauki ya yi mini tambaya har sau uku ban tsinci ko kalma ɗaya ba, sai da ya ɗauki biro ya rubuta a bayan rasit, nan take na gane cewa kwana nawa zan yi yake tambaya. Babu kalmar da ban sani ba a cikin abin da ya rubuta, amma da ido na san su, kunnena bai taɓa gamuwa da su a bakin mai harshen ba. Dalilin kuwa a fili yake. Bafaranshe yana rubuta beaucoup da haruffa takwas, ya furta ta "boku", sannan ya haɗe les da amis su zama "lezami" kamar kalma ɗaya. Haka Turancin Ingilishi yake da though da through da tough, waɗanda ƙarshensu ɗaya ne a rubuce amma kowace da nata furucin. Bahaushen da ya saba da boko, inda kusan duk harafin da aka rubuta ake faɗarsa, yakan ƙirƙiro wa irin waɗannan kalmomi furuci nasa na kansa, ya rayu da shi shekara da shekaru babu mai gyara masa.

Wannan giɓi ne littafin sauraro mai tafiya da rubutu yake cikewa. Ana ɗaukar muryar mai karatu, sai manhaja ta auna daƙiƙar da kowace jimla ta fara da wadda ta ƙare, ta ɗaure ta da wurinta a rubutu. Don makafi da masu raunin gani aka fara inganta dabarar, a ƙarƙashin ƙungiyar DAISY da aka kafa a 1996, daga baya tsarin littattafan lantarki na EPUB 3 da ya fito a 2011 ya karɓe ta, kamfanin Amazon kuma ya haɗa littattafansa na lantarki na Kindle da littattafan sauraro na Audible a 2012. Wanda ba shi da kuɗin saye ma bai rasa ba, domin masu aikin sa kai na LibriVox suna karanta tsofaffin littattafai kyauta tun 2005, kuma yawancin rubutun yana nan a taskar littattafai ta intanet ta Project Gutenberg. Gidan rediyon Faransa na RFI yana da labarai cikin sauƙaƙan Faransanci tare da rubutunsu, kamar yadda Muryar Amurka ta fara shirin Turanci mai sauƙi a 1959, ana karantawa a hankali da kalmomi kimanin 1,500.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne mu mun riga mun san wannan hanya. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya ga malam yana biya wa yaro karatu, yaron yana bin baƙaƙen da tsinke ko yatsa, kunne yana karɓa ido yana tabbatarwa, har sautin da harafin su zama abu ɗaya a kansa. Hasken da yake tafiya a kan kalmomi a fuskar waya aikin wannan tsinken yake yi. Tun da Shaihu Mahmud Khalil Al-Husari ya kammala naɗar karatun Alƙur'ani gaba ɗaya a Masar a 1961 mutane suke buɗe mus'hafi suna bin murya, yau kuma manhajojin Alƙur'ani da suke cikin wayoyinmu suna haska ayar da ake karantawa. Mutumin da yake gyara tilawarsa ta wannan hanya kullum bayan Asuba bai cika tunanin cewa haka zai iya yi wa Faransanci ko Turanci ko Larabcin jarida ba.

Sai dai akwai kurakurai da na faɗa cikinsu, waɗanda nake so masu karatu su kauce musu. Na farko shi ne zarin zaɓen littafi. Na fara da wani katafaren labari na ƙarni na 19 don kawai kyauta ne, na kwana biyu ina tsayar da murya a kowane layi ina duba ƙamus, daga ƙarshe na ajiye. Masanin koyar da harshe Paul Nation na ƙasar New Zealand da abokiyar bincikensa sun nuna cewa mai karatu yana buƙatar ya san kimanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya kacal cikin kowace hamsin. Saboda haka babu kunya dattijo ya fara da littafin yara ko labaran rediyo na minti goma. Ga shi kuma harshen tsofaffin littattafan nan ba shi ake yi a tasha ko a kasuwa ba.

Kuskure na biyu ya fi wuyar ganewa, domin mutum yana jin daɗi yana zaton ci gaba yake samu. Ido ya fi kunne sauri, don haka sai ya riga muryar isa ƙarshen jimla, mutum ya koma karatu zalla, muryar ta zama kamar rediyon maƙwabci. Maganin da na samu shi ne in bi kowane sashe sau uku: in saurara ina kallon rubutu, in kife wayar in saurara da kunne kaɗai, sannan in sake buɗewa ina maimaita kowace jimla da ƙarfi a bayan mai karatun, kamar dai yadda almajiri yake karɓar biyawa. A zagaye na biyu ne mutum yake sanin gaskiyar abin da ya shiga kansa. Duk da haka littafi ba ya yi wa mutum tambaya ya jira amsa, dole ne a nemi wanda za a riƙa yin hira da shi, ko da maƙwabci ne ɗan Nijar ko ɗan Kamaru. Batun data kuwa ba babba ba ne, tunda sau ɗaya ake sauke littafi a yi ta amfani da shi.

Roƙona gare ka, ya Edita, ya shafi namu harshen. Bokon Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi suke da rubutu iri ɗaya, mai koyo kuma ba zai bambance su ba sai ya ji. Da jaridarku za ta riƙa naɗar muryar mutum mai kyakkyawan lafazi yana karanta ko da sharhi ɗaya a kowane mako, a ɗora shi tare da rubutunsa, da baƙi masu koyon Hausa da 'ya'yanmu da aka haifa a ƙasashen waje da manyan da suke ajin yaƙi da jahilci duk sun sami abin bi da tsinke. Ina fatan za ku duba yiwuwar hakan.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Katsina.