Zuwa ga abokina, kan "an gano, an gano" ɗin da ka ce ya ishe ka

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aiki, ya haƙuri da mu. Saƙonka ya iso, na kuma ga tsiyar da ka yi min, wai kullum ina cikin bin labarin masu bincike amma kai har yau ba ka ga abin da suka tsinana wa talaka ba, an gano kaza, an gano kaza, daga nan sai ka ji shiru kamar an shuka dusa. To ka taɓo ni, sai ka gyara zama. Rabin maganarka gaskiya ce, ba zan musa ba, amma ɗaya rabin ka yi musu rashin adalci, don gano abu daban, tabbatar da shi daban, isar da shi hannun mutane kuma wani babban aiki ne daban, kai kuma duk ka haɗa su a kwando ɗaya.

Ɗauki sikila. A Nuwambar 2023 Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, Amurka ta biyo baya a Disamba, shi ne magani na farko da aka yarda da shi wanda aka yi da fasahar CRISPR, wato dabarar nan ta gyara ƙwayoyin halitta da ta sa aka bai wa Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier kyautar Nobel a 2020. Yadda yake aiki shi ya fi burge ni. Ashe jariri tun yana ciki akwai wani irin himoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, da jikinsa ke yi wanda ba ya lanƙwasa ƙwayoyin jini, bayan haihuwa da 'yan watanni sai jiki ya rage yin sa ya koma irin na manya, a nan ne ciwon ke fara nuna kansa ga mai sikila. To su ba su je gyara wurin da ke da lahanin ba ma, sai suka nemi abin da ke hana jiki ci gaba da yin himoglobin irin na jarirai, suka dakatar da shi, jiki ya koma yin wancan na farko. Ana ɗibar ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiyan, a kai ɗakin gwaji a gyara su, a ba shi maganin ciwon daji, wato kansa, mai ƙarfi ya share ɓargonsa, sannan a mayar masa da nasa da aka gyara. Cikin mutum 31 da aka bibiya a gwajin, 29 sun yi shekara guda cur babu wannan mugun tashin ciwon da ke kwantar da mutum a asibiti. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai sikila da dare ya ji yadda yake kuka da ƙashinsa ya san me wannan ke nufi.

Amma ga inda maganarka ta shigo. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, sai an kwanta asibiti na makonni, maganin kansar kuma yana iya hana mutum haihuwa, sannan mafi yawan yaran da ake haifa da ciwon a Afirka kudu da Sahara suke, inda asibitin da zai iya wannan aikin sai an tona. Ka ga an gano, an tabbatar, amma bai iso ba.

Wanda na fi sa wa rai shi ne lenacapavir, allurar kariya daga ƙanjamau da ake yi sau 2 kacal a shekara. A gwajin da aka yi wa 'yan mata da matasan mata a Afirka ta Kudu da Uganda, wanda sakamakonsa ya fito a 2024, cikin sama da mata 2,000 da aka yi wa allurar ko ɗaya ba ta kamu ba, ko ɗaya fa. Ƙwayoyin kariya da ake sha kullum da ma akwai su kuma suna aiki, matsalar ita ce mutum ya manta, ko ya ji kunyar a gan shi da kwalbar. A Amurka kuɗinta ya kai wajen dala 28,000 a shekara, amma a 2025 an ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Indiya su yi ta a kan dala 40 a shekara ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi daga 2027. In hakan ta tabbata to sai ka janye rabin tsiyarka. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro ma haka, bayan gomman shekaru ana fama Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da RTS,S a 2021, sai R21 na jami'ar Oxford a 2023, Kamaru kuma ta fara saka RTS,S ɗin cikin alluran yara na yau da kullum a Janairun 2024.

Akwai kuma AlphaFold, ƙirƙirarriyar basirar kamfanin DeepMind da ke hasashen siffar furotin, wato ƙananan sinadaran da ke gina jiki suna gudanar da ayyukansa, aikin da a da ɗalibi ke iya ƙarar da shekarun digirinsa na uku a kan guda ɗaya, a 2022 suka saki siffofi sama da miliyan 200 kyauta ga kowa, aka bai wa biyu daga cikin masanansu Nobel a 2024. Shi kansa ba magani ba ne, kayan aiki ne, sai nan gaba za a san abin da zai haifar. Na'urar hangen nesa ta James Webb kuwa da aka harba ranar 25 ga Disambar 2021, tana can kusan kilomita miliyan 1.5 daga duniya tana hango gungun taurari masu nisa waɗanda haskensu da girmansu ya fi abin da masana suka zata, wannan kam na yarda ba za ta sa maka ko loma a baki ba, ni dai ina son kallon hotunan, ina kallo ina tasbihi.

Inda kake da gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne zuzutawa. A Disambar 2022 wani ɗakin bincike a Kalifoniya ya ce a karon farko sun samu makamashi daga haɗe ƙwayoyin zarra, irin abin da ke faruwa a cikin rana, fiye da wanda suka zuba, hasken lesa ya kai megajul 2.05 a ma'aunin makamashi, aka samu 3.15. Gaskiya ne, kuma babban abu ne a wurin masana. Abin da kanun labarai suka tsallake shi ne na'urorin lesar kansu sun sha lantarki wajen megajul 300 kafin su harba wannan 2.05 ɗin, kwalliya ba ta ko kusa biyan kuɗin sabulu ba tukuna. Sai LK-99 a Yulin 2023, wasu 'yan Koriya ta Kudu suka ce sun haɗa sinadarin da lantarki ke ratsawa ba asara ko kaɗan a yanayin zafin ɗaki, intanet ta ɗauka, cikin 'yan makonni ɗakunan gwaji a ƙasashe daban-daban suka sake haɗawa suka ce babu wannan zancen.

Ni a wurina wannan sake gwadawar ita ce babban abin da ya sauya a shekarun nan, kuma masu nazarin halayyar ɗan'adam su suka fi shan ɗacinta. A 2015 wani babban ayarin masu bincike suka ɗauki nazari 100 da manyan mujallu suka buga suka sake yin su daga farko, waɗanda suka ba da sakamako irin na da ba su kai 40 ba. Ka tuna gwajin alewar nan na jami'ar Stanford da masu laccar cin nasara ke yawan kawowa? A ajiye wa yaro alewa ɗaya a gabansa a ce in ka jira na dawo zan ƙara maka wata, a fita a bar shi shi kaɗai yana haɗiyar yawu, wani ya rufe ido, wani ya shinshina ta ya ajiye, aka ce waɗanda suka daure su suka fi yin fice da suka girma. A 2018 aka sake duba zancen a kan yara sama da 900 daga gidaje iri-iri, da aka sa yanayin gida da karatun iyaye da abin hannunsu a lissafi sai yawancin bambancin ya zube. Ni fassarar da na fi yarda da ita, yaron da ya saba in an ce anjima to babu, cinyewar da ya yi nan take hankali ne, ba rashin haƙuri ba. Shekara da shekaru ana ɗora wa yaran talakawa laifin hali, alhali zancen ya fi kusa da aljihun iyayensu.

Ga kuma wanda na san zai maka daɗi tunda kai ne mai cewa in ka bai wa mutum kuɗi kyauta ka lalata shi. A yammacin Kenya, ƙungiyar GiveDirectly ta raba wa gidaje sama da 10,500 kusan dala 1,000 kowanne, a ƙauyuka 653 da aka yi ƙuri'a tsakaninsu, wasu a ba su wasu a bar su don a samu abin kwatantawa. Masana tattalin arziki suka bibiya, suka tarar kowace dala ɗaya ta motsa hada-hadar wajen dala 2.5 a yankin, har maƙwabtan da ba a bai wa ko sisi ba sun amfana don masu kuɗin a wurinsu suke sayayya da ɗaukar aiki, farashin kaya kuma da ake tsoron zai yi tashin gwauron zabi da ƙyar ya motsa. Irin wannan gwajin na ƙuri'a, wanda aka aro daga masu gwada magunguna, shi ya kai Esther Duflo da Abhijit Banerjee da Michael Kremer ga Nobel a 2019. Ban ce abin da ya yi aiki a can dole ya yi a ko'ina ba, su kansu masanan suna ta jayayya a kan haka, amma dai yanzu in za ka ce kyauta na lalata mutum sai ka zo da alƙaluma, ba "ai kowa ya sani" ba.

Ina jiran amsarka kan na Kenyar nan musamman, don na san ba za ka bar ni haka ba, kuma kada ka turo min saƙon murya na minti goma, ka zauna ka rubuta yadda na rubuta. Ka gaida uwargida da yara, da duk wanda ya tambaye ni.

Naka har kullum.